Damuwar da Ke Zama a Kafaɗa

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kam na ga fuskar da ta rufa wa mai ita asiri tsaf. Mace za ta zauna a tsakiyar 'yan gaisuwa, ana ta ce mata ya haƙuri tana amsawa da godiya, idonta a bushe, muryarta ba ta rawa, kowa ya tashi yana yaba tawakkalinta. Amma da za a zagaya ta bayanta a ɗora hannu tsakanin wuyanta da kafaɗarta, a nan za a ji abin da ba ta faɗa ba. Kafaɗa ba ta iya kawaici ba.

A jikin yayata na koyi wannan. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da keken ɗinki, ni kuma na tare gidanta a nan Kano don in taya ta zaman takaba, wata huɗu da kwana goma. Bayan sadakar bakwai, da gida ya rage daga mu sai mu, ta fara wani ciwon kai da ba ya sauka. Ta ce ji take kamar an tamke mata kai da ɗankwali tun daga goshi har ƙeya. Da safe takan tashi da ciwon muƙamuƙi, kuma ni da muke kwana ɗaki ɗaya na san dalili, don cikin dare ina jin haƙoranta suna gugar juna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sallamar salla. Wuyan ba ya juyuwa, sai dai ta juya da ƙirjinta gaba ɗaya zuwa dama, sannan zuwa hagu, kafaɗun nan a ɗage sun kusa taɓa kunne.

Farasitamol ta riƙa sha safe da dare. Da abin ya ƙi, muka je asibiti, tunda mai takaba tana fita in lalura ta kama. Aka auna jininta, aka duba ko da zazzaɓi, likita ya sa ta sunkuyar da kai ya ga ko haɓarta za ta kai ƙirji. Ya ja mana kunne a kan ƙwayar: wanda ya riƙa shan irin wannan maganin kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kan. Sannan ya tura mu ɓangaren gashin ƙashi.

Matar da muka samu a can ita ta fara buɗe mini ido. Ta zaunar da Yaya a kan kujera marar jingina, ta ce da ni, "Ƙanwarta ce ke? Kawo hannunki." Ta ɗora yatsuna a kan naman da ke gangarowa daga wuya zuwa kafaɗa. Tauri ne da shi, kuma a tsakiya akwai wani ƙullutu da in an danna sai Yaya ta runtse ido ta ce har bayan kunnenta take jin zafin. Matar ta ce wannan tsokar, wadda likitoci ke kira tarafiziyas, ta taso daga ƙeya ta bazu zuwa ƙarshen kafaɗu biyu ta sauka har tsakiyar baya, kuma tana cikin masu ɗauke da kai, wanda nauyinsa a jikin babba ya kai wajen kilo 5. Sai ta dafa kafaɗun duka biyu ta ce, "Hajiya, sauke su." Yaya ta sake su, suka faɗo ƙasa da tazarar da ta ba ni mamaki. Ta dube mu ta ce wallahi ba ta san a ɗage suke ba.

Daga baya na bi diddigin bayanin da ta yi mana a gurguje. Tun 1915 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu idan ya ji tsoro. Wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suna sako wani sinadari da ake kira adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, narkar da abinci ta ja baya, tsoka ta ɗaure. Shiri ne mai amfani ga wanda ya ga maciji a ɗaki, don cikin mintuna ake gamawa jiki ya koma daidai. Amma kuɗin haya ba ya wucewa cikin mintuna, haka kuɗin makarantar yara huɗu, haka maganar rabon gado. A 1936 Hans Selye, a Montreal ta Kanada, ya nuna a jikin ɓeraye cewa matsin da ya daɗe yana kumbura waɗannan halittu na saman ƙoda, har ya kawo gyambo a ciki. Wani abu kuma da ya dace da abin da nake gani a jikin Yaya: mai gajeren numfashi yana ɗora wa tsokokin wuya aikin ɗaga ƙirji, aikin da taimako kawai ya kamata su bayar a kai. Su yini suna yi, su kwana suna yi. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ɗaurewar.

Tausa da hannu kuwa a wurin Inna na koya, wata tsohuwar ungozoma a layinmu da ta yi wa rabin matan unguwar wankan jego. Ta shigo gaisuwa ta tarar ina shirin yi wa Yaya abin da aka nuna mini a asibiti, sai ta ce a ɗora mata ruwa. Ta tsoma ƙaramin tawul a ruwan ɗumi, ta matse shi sosai, ta gwada a cikin damtsenta, sannan ta shimfiɗa a ƙeyar Yaya da kafaɗunta. In ya huce ta sake. Sai da fatar ta yi ɗumi ta lakato man kaɗanya ta murza a tafukanta har ya narke. Abin da ta yi bayan nan shi ne ya fi zama a raina: ta ɗora tafukan a kafaɗun ta bar su a nan, ba motsi, tana jan salati a hankali. Ta ce da ni, "Ki bari jiki ya san hannunki tukuna, 'yar nan. In kika faɗa masa da ƙarfi, ƙara ɗaurewa zai yi."

Ga yadda na riƙa yi bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta. Yaya ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta jingina goshinta da matashin da na ɗora a bakin gado, hannayenta a sake a kan cinya. In gasa, in shafa mai, in ɗora hannu in jira har in ji numfashinta ya fara sauka ciki. Sannan in fara shafa mai tsawo da tafin hannu gaba ɗaya, daga ƙeya zuwa ƙarshen kafaɗa, daga tsakiyar baya zuwa sama, gefe da gefen ƙashin baya ba a kansa ba. Bayan nan in kamo naman kafaɗar tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, in ɗan ɗaga, in riƙe, in saki. Idan na zo kan ƙullutun sai in ɗora babban yatsa in danna kaɗan-kaɗan ina tambayarta, har ta ce "nan". A nan nake tsayawa, ba murzawa, wajen daƙiƙa 30 zuwa 60. Sau da yawa ina jin wurin yana laushi a ƙarƙashin yatsana, ita kuma ta ce zafin ya ja baya. Alamar da na riƙe ita ce numfashi: muddin ta riƙe shi ko ta cije baki, ƙarfin ya yi yawa, sai in sassauta. Akwai wasu 'yan ramuka biyu a ƙarƙashin ƙashin ƙeya, dama da hagu. Da ta kwanta rigingine nakan sa yatsuna a nan in bar nauyin kanta ya yi aikin. A ƙarshe in zo muƙamuƙi, gaban kunne kaɗan zuwa ƙasa, inda nama ke tasowa in an cije haƙora, in zagaya da yatsu biyu bakinta a ɗan buɗe. Duka bai wuce minti 15 zuwa 20 ba.

Wani dare ina riƙe da kafaɗarta ta dama sai na ji ta fara rawa. Na ɗauka sanyi ne. Ashe kuka ne, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar, ba ta yi ba ranar uku. Ban ce ta yi haƙuri ba, an riga an faɗa mata wannan har ya ishe ta. Ban kuma janye hannuna ba. Da ta lafa ta ce, "Ni fa ba mutuwar ce kaɗai ba. Tunanin yadda zan yi da yaran nan ne ba ya barina." Muka yi maganar kuɗi a daren, lissafi sosai, wanda ta ƙi yarda a yi tun farko. Ta yi barci har sai da na tashe ta sallar asuba. Tun daga lokacin na daina yi wa wanda nake tausawa tambaya. In magana za ta zo, da kanta take zuwa.

Sannu a hankalin da Inna ta nace a kai ma akwai dalilinsa. Masu bincike a Gothenburg ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2009 cewa akwai wasu jijiyoyi a fata, a irin wuraren da gashi ke fitowa kamar damtse, waɗanda suka fi amsa shafar da ke tafiya santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, kuma irin wannan shafar ce mutane suka ce ta fi musu daɗi. Da sauri ya wuce haka, amsarsu sai ta ragu. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa tausa sai ta yi zafi take aiki, ko wai wani datti ake matsowa daga cikin nama. Abin da na tabbatar da idona shi ne jiki yana samun labarin cewa babu haɗari yanzu, sai ya saki abin da ya riƙe.

Sauƙin kuma ba ya daɗewa in an tsaya a tausa kaɗai. Kwana biyu, uku, kafaɗun sun sake hawa. Matar asibitin ta koya wa Yaya wata dabara da ta samo asali daga wani likitan Chicago, Edmund Jacobson, tun shekarun 1920: ta ɗaga kafaɗun da gangan har kunne, ta ƙanƙame su daƙiƙa 5, sannan ta sake su gaba ɗaya ta saurari bambancin. Amfaninta shi ne mutum ya fara gane ɗaurewar da kansa tun kafin ta zama ciwo. Sai numfashi: a shaƙa ta hanci har ciki ya taso, a fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin bugun zuciya yana ɗan lafawa a lokacin fitar da iska. Da ta koma kan keke muka sauya mata kujera aka ƙara fitila, don sunkuyon da take yi wajen neman ramin allura yana ƙara wa wuyan kaya. Kuma maganar kuɗin nan sai da dangi suka zauna a kanta. Hannuna bai isa ya biya kuɗin makaranta ba.

Akwai inda ba a sa hannu, kuma ina roƙon duk mai karatun nan ya riƙe wannan fiye da komai. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi, amai, ko ƙin haske, musamman lokacin zafi, asibiti ake gudu da shi, domin da haka sanƙarau ke farawa, kuma Arewa ba ta manta da annobar 1996 ba. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi yana iya zama zuciya. Ciwon kan da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, shi ma na gaggawa ne. Ba a danna gaban wuya da gefensa inda ake jin bugun jini. Ƙwaurin da ya kumbura gefe guda, ya yi zafi, ba a matsa shi, musamman ga mai ciki ko mai jego, don in gudan jini ne yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, a kiyaye masa ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Tsofaffi kuma ƙashinsu ba ya son dannawa.

Abin da ke damuna shi ne mun bar tausa ga masu jego da jarirai da tsofaffin da jikoki ke matsa wa ƙafa. Tsakanin nan akwai tela da ke kwana a kan keke, da mai adaidaita sahu da ya yini a cunkoso, da malamar makaranta, da uwar da ke jinyar ɗa a asibiti, duk suna yawo da kafaɗu a ɗage, mafitarsu kemis da ƙwayoyin ciwon jiki waɗanda yawan shansu ke cin ciki da ƙoda. Alhali miji zai iya yi wa matarsa, mata ta yi wa mijinta, 'ya ta yi wa uwarta, ɗa ya yi wa mahaifinsa, ba tare da an keta wata kunya ko an kashe fiye da kuɗin man kaɗanya ba.

Kafin in koma gidana na koya wa babbar 'yar Yaya. Hannunta ƙarami ne, don haka a kan kafaɗa na nuna mata ta yi amfani da tudun tafin hannu maimakon babban yatsa, kar nata hannun ya gaji. Yanzu ita ke yi wa uwar, musamman a goman ƙarshe na azumi da ɗinkin Salla ke taruwa, kuma ta kafa mata doka cewa duk kayan da ta gama sai ta miƙe ta zagaya tsakar gida kafin ta ɗauki na gaba.