Ɗan kwangila ya sauka a duniyar wata

Lahadi, 2 ga Maris 2025. Jos.

Azumi na biyu. Ban fita shago ba sai bayan azahar, saboda tun safe ina manne da waya ina bin saukar kumbon Blue Ghost a duniyar wata. Wajen tara da rabi na safe agogonmu ya dira, a wani fili da ake kira Mare Crisium, ya kuma tsaya cak a kan ƙafafunsa huɗu. Tsayuwar nan ita ce labarin. Bara, a watan Fabrairu, kumbon Odysseus na kamfanin Intuitive Machines ya isa, amma ya kife a gefe. Na wani kamfanin Japan, ispace, rugurgujewa ya yi a 2023.

Kawu ya same ni a zaure, ya tambayi abin da nake kallo haka da azumi a baki. Na ce masa kumbo ne ya sauka a wata, babu mutum a ciki. Ya ce, "To ai Amurka ta saba, tun muna samari suka ce sun je." Na ce, "Kawu, wannan karon na ɗan kasuwa ne." Sai ya gyara zama.

Kamfanin Firefly Aerospace na jihar Texas ne ya ƙera shi. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kayanta kawai ta ɗora, na'urori 10, ta biya kuɗin dako sama da dala miliyan 100, kamar yadda muke ba direba buhun dankali a Farin Gada mu ce ya kai Kano. Rokar da ta ɗaga shi ranar 15 ga Janairu ma ta haya ce, Falcon 9 ta SpaceX. Cikin kayan akwai abin haƙa da zai huda ƙasar wata ya auna zafin cikinta, da wata na'urar da ke zuƙar ƙura, da wadda za ta gwada ko siginar GPS na kaiwa can.

Ni dai tsarin ya burge ni. In kumbo ya faɗi, asarar ba ta kai ta zamanin Apollo ba, shirin da Amurka ta kai mutane wata da shi, gobe a ba wani kwangilar. Kawu bai gamsu ba, wai ɗan kwangila ɗan kwangila ne ko a sama, sai ya rage siminti.

Abin da ya fi tsaya min a rai, tunda sana'ata sola ce: da hasken rana yake aiki, kuma yinin wata ɗaya ya kai kwana 14 namu. Shi ya sa suka saita saukar da fitowar rana a wurin. Dare na yi, sanyi zai kashe batirin, aiki ya ƙare.

A shago ciniki ba yabo ba fallasa, na sayar da inbata ɗaya. Da kunun gyaɗa da ƙosai muka sha ruwa.

Ranar Alhamis ake sa ran kumbon Athena, na Intuitive Machines, zai gwada tasa saukar kusa da kudancin wata. Kawu ya ce in kira shi in lokaci ya yi, yana so ya ga ko wannan ma zai kife.