Na ɗauka aikin awa biyu ne

Na fara wannan wasiƙar wata-wata ne jim kaɗan bayan yaren rubuta manhaja na Gleam ya kai siga ta 1.0 a Maris ɗin 2024. Lokacin mutane sun fara shigowa harkar Gleam sosai, kullum sai wani sabo ya zo yana tambayar abin da aka gama amsawa sati biyu da suka wuce, sai na ce to bari in riƙa tattara abin da ya faru a wata ina tura wa masu so ta imel. A raina aikin awa biyu ne, ashe ban san dawan garin ba.

Ga wanda bai sani ba, Gleam yaren rubuta manhaja ne da Louis Pilfold ya ƙirƙiro, yana gudana a kan BEAM, wato injin manhaja da ke gudanar da yaren Erlang, kuma ana iya juya shi zuwa JavaScript, laburarensa, wato kod ɗin da wasu suka rubuta don kowa ya yi amfani da shi, a rumbun Hex ake ajiye su wuri ɗaya da na yaren Elixir. Shi ya sa labarin a warwatse yake, wani a GitHub inda ake ajiye kod, wani a dandalin hira na Discord, wani sai ka leƙa Hex ɗin da kanka.

Watan farko na bari sai ranar 29 sannan na zauna tono, wallahi kwana na yi ban runtsa ba kuma duk da haka rabi ya wuce ni. Yanzu fayil ɗaya nake da shi a buɗe, duk abin da na gani sai in jefa linki da layi ɗaya na dalilin da ya sa ya burge ni, in ba haka ba ƙarshen wata zan ga linkin in rasa me ya kai ni ajiye shi.

Amma abin da ya fi ba ni wuya ba rubutun ba ne, zaɓe ne. Da muna ƙalilan komai shiga yake, kowa ya ga sunan aikinsa ya ji daɗi. Da aka yi yawa sai wasiƙar ta kumbura, kuma Gmail in saƙo ya haura 102KB yanke shi yake, ƙasan ya ɓuya, can ƙasan kuwa nan ne maɓallin fita yake, wanda ya gaji da ni bai ga hanyar fita ba sai kawai ya danna sifam, wato ya ce saƙon banza ne. Dole na fara ragewa, nan fa aka fara yi min ƙorafi, wani bawan Allah har sau uku yana rubuto min wai me ya sa ban sa laburarensa ba. Na ba shi haƙuri na faɗa masa ƙa'idata, abin da ban sauke na gwada da hannuna ba ba ya shiga.

Ita ma ƙa'idar kunya ce ta haife ta. Akwai watan da na kwafo misalin kod na tura ban gwada ba, ashe a sabon fitowar laburaren an riga an cire abin da misalin ya dogara da shi. Imel kuwa zarar bunu ce, ba gyara bayan ta fita, haka na wuni ina amsa mutane ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin waɗanda suka buɗe saƙo na daina kallo, da lodin hotunan cikin imel ake gane an buɗe, to tun 2021 Apple ke loda su da kansa, sai ya nuna an buɗe alhali mutum ko kallo bai yi ba. SPF da DKIM da DMARC kuma, wato saitunan da ke tabbatar da cewa imel daga wurinka ya fito, duk mai irin wannan wasiƙa ya saita su tun ranar farko, musamman yadda Gmail da Yahoo suka tsaurara tun Fabrairun 2024, ni sai da saƙona ya sha faɗawa sifam na koya.

Abin da nake dubawa yanzu amsoshi ne. Kuma abin mamaki ba labarin kompaila, wato manhajar da ke juya kod zuwa abin da inji zai gudanar, ke jawo su ba, ɗan sashen da nake nuna aikin sabon shiga ne, wanda ya rubuta ƙaramin abu karo na farko yana ma jin kunyar nunawa. Na wannan watan ma na samu mutum biyu, sai dai na ɗayan ya ƙi tashi a kwamfutata, na rubuta masa tun jiya ina jiran amsa.