Na ƙarshe dai ThinkPad na saya

Mako uku ina kai-kawo tsakanin kwamfutocin tafi-da-gidanka biyu, MacBook Air da ThinkPad X1 Carbon. Wallahi zuciyata tana kan MacBook. A cewar Apple batirinta na kaiwa awa 18, kuma ba ta da fanka, balle ta zuƙi ƙurar hunturun Bauchi. Mu da wuta ba ta zama mana a Yelwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai zanen gine-gine nake yi, Revit kuwa, manhajar da nake zanen da ita, sai a kwamfuta mai Windows irin ThinkPad. Na kai maganar wurin mai gyarana a Wunti, ya ce, "Injiniya, MacBook in ma'ajiyarta ta cika shi ke nan, ThinkPad kuwa sai mu sauya mata babba."

Jiya na biya kuɗin ThinkPad mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 32GB. Har yanzu batirin MacBook ɗin yana raina.