Haruffan da injin wanki ke nunawa

Jama'ar Maradi masu injin wanki, ku riƙa duba haruffan da ke fitowa a fuskarsa kafin ku ɗora shi a baro zuwa wurin mai gyara.

Namu ya tsaya ana tsakar wankin kayan makarantar yara, ruwa cike da cikinsa, yana nuna OE. Uwargida har ta fara lissafin jika nawa za mu kashe. Wani ƙanena a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke wannan sana'a ya ce min a waya: "Yaya, ruwa ne bai fita ba. Zare wayar daga kuran, ka ajiye roba, sannan ka kwance matatar da ke ƙasa." Abin da na tarar: ƙwandalar dala ashirin, maɓalli, da yashi cunkus daga aljihunan yara. Na wanke na mayar, inji ya ci gaba da aiki.

Kowane kamfani da nasa haruffa. A injinan LG, OE rashin fitar ruwa ne, IE kuma ruwa bai shiga ba. Samsung yana rubuta 5C a madadin OE, 4C kuma a madadin IE. Matsalar shigar ruwa ta fi damunmu a nan, saboda ƙarfin famfo kan ragu da rana, laka kuma tana toshe ƴar ragar da ke bakin tiyo. UE kaya ne suka taru gefe ɗaya, musamman in an sa bargo shi kaɗai.

Amma in kun ji warin ƙuna, ku kashe, ku kira mai gyara. Wannan ba aikin hannunmu ba ne.