Kafin ka sayi injin walda mai girgiza

Ɗan ƙanwata ne ya zo yana nuna mini bidiyon wani inji daga China. A ɗora roba biyu, bakin injin ya sauko, kafin ƙiftawar ido sun zama ɗaya, babu gam, babu wuta. Wai zai sayar da babur ɗinsa ya yi oda. "Kawu, kome yake haɗawa!"

Haka ni ma na ce a 2020, lokacin korona, da na sayo irinsa don liƙa igiyar takunkumi. Kuma ya yi aiki, kada a ce ban yi lissafi ba. Bakin yana girgiza sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, zafi ya taso daidai inda robobin suka haɗu, su narke su kama juna. Shi ya sa cajar waya ba ta buɗuwa sai an fasa ta. Har jan ƙarfe da alminiyam marasa kauri ana haɗawa da injin da aka ƙera don ƙarfe, kamar a batir da wayoyin mota, sai dai can ƙarfen ba ya narkewa, gogayya ce ke share dattin samansa ya manne.

Da kasuwar takunkumi ta mutu, sai na karɓi kwangilar liƙa murfi a jikin wasu robobi. Jikin mai lamba 2 ne a gindi, murfin mai lamba 5, wato lambar da ke nuna irin robar. Ban duba ba. Waɗannan biyun ba sa kama juna. Ina ganin suna ɓallewa sai na ƙara matsi, na ƙara lokaci, har bakin ya daki ƙarfen ƙasa ya tsage. To wa ya gaya mini? Dillalin bai ce uffan ba, takardar kuma da rubutun China. Amma dai gindin roba ba ya buƙatar tafinta. Kunnena na hagu har yau yana ƙara, don ban toshe shi ba, wai ni namiji.

Ku kuwa yaran yanzu, bidiyon daƙiƙa 30 ya ishe ku zama injiniyoyi.

Kai ɗan ƙanwata, kada ka saya. Ko kuma ka saya, sana'ar da kuɗi, amma sai ka tura robarka an gwada ka gani. Ka juya kowace roba ka karanta lambarta. Ka tambayi kuɗin bakin canji tun kafin ka biya. Babur ɗin kuma ka bar shi, uwarka ce ta cika maka kuɗinsa.