Ranar da na faɗi abin da ba a buƙata

A shekarata ta biyu da fara aikin likita aka kwantar da wani dattijo da ya haura shekara 70 a ɗakin da nake kula da shi. Zazzaɓi ya rufe shi, ƙodarsa ta raunana, hankalinsa kuma ya gushe har ba ya bambance dare da rana. Gwajin jini ya nuna akwai yiwuwar a yi masa wankin ƙoda, amma da na durƙusa kusa da gadonsa ina yi masa bayani, sai ya riƙe hannun rigata yana kiran sunan wani mutum da daga baya na ji ya daɗe da rasuwa.

Babban ɗansa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Likita, ni ne babba, duk abin da ke cikin fayil ɗin Baba ka faɗa mini." Ban tambaye shi komai ba. Na buɗe fayil na zayyana masa tun daga farko, har da maganin ciwon damuwa da mahaifinsa ya sha shekaru da dama da suka wuce, abin da ba shi da wata alaƙa da ƙoda, kuma ashe dattijon bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba. Bayan kwana biyar ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa, hankalinsa ya dawo ba tare da an kai ga wankin ba, kuma tambayar da ya fara yi mini ita ce, "Ɗana, wa ya gaya wa yaron nan?" Na rasa bakin magana.

Kuskurena kashi biyu ne, kuma na biyun ya fi ci mini rai. Na farko, na ɗauka wanda ya fi kusa da ƙofa kuma ya fi ɗaga murya shi ne wakili, alhali matar dattijon, wadda ke zaune shiru a gefen gado tana goge masa gumi, ita ce ya daɗe da damƙa wa maganar lafiyarsa. Ɗan nan harkar dukiya kawai yake riƙe masa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin a dokar Ingila ta 2005 kan masu raunin yanke shawara, wakilcin dukiya daban yake da wakilcin lafiya, kuma mai riƙe da ɗaya ba ya samun ɗayan kai tsaye. Na biyu, ko da ɗan ne wakilin, shawarar da ke gabanmu ta wankin ƙoda ce, don haka abin da ya kamata ya ji shi ne halin da ƙodar take ciki, amfanin wankin, haɗarinsa, da abin da zai faru idan ba a yi ba. Dokar HIPAA ta Amurka, ta 1996, wadda ke kare sirrin bayanan majinyata, ta yarda likita ya yi wa dangi bayani idan majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, amma ta taƙaita shi ga abin da ya shafi hannun da suke da shi a jinyar.

Tun daga lokacin na daina ɗaukar gushewar hankali a matsayin hukuncin dindindin. Mutum yana iya kasa yanke shawarar tiyata amma ya iya cewa wa yake so a gaya wa, kuma wanda ya ruɗe da daddare yana iya wartsakewa da safe, musamman idan zazzaɓi ko faɗuwar sukari ne sanadi. Don sanin ko majinyaci zai iya yanke shawara, abu huɗu nake dubawa, kamar yadda dokar Ingilar ta tsara: ko ya fahimci bayanin, ko ya riƙe shi na ɗan lokaci, ko ya auna shi, da kuma ko ya iya bayyana zaɓinsa, ko da ta hanyar matse hannu ne. Idan shawarar za ta iya jira, sai in jira shi. Idan rai ne a kan gaba, sai a yi abin da zai cece shi.

Na kuma sauya tambayar da nake yi wa wakili. Da can cewa nake, "Me kuke so a yi?" Yanzu cewa nake, "Da Baba zai iya magana, me zai zaɓa?" Na lura wannan yana sauke wa dangi nauyi, domin da yawansu tsoron da ke cin su shi ne a ce su ne suka yanke wa mahaifinsu hukunci. Ina yin maganar a gaban majinyacin idan hali ya yi, ba a farfajiya ba, sannan in rubuta a fayil wanda na gaya wa, abin da na gaya masa, da dalili.

Kafin a sallami dattijon na zauna na ba shi haƙuri. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nemi takarda da biro, ya rubuta sunan matarsa da hannunsa mai rawa, ya ce in liƙa a shafin farko na fayil ɗin.