Kwana 23 mu tara a cikin gida mai taya

Saura kwana biyu mu tashi, maigidana ya ce kowa ya shiga, da yara da kaya da ruwa, mu je a auna motar. Ni dai bin sa na yi don kada a ce na hana. A ganina an gama komai: gadaje sun tsaya, labule na ɗinka, tukwane suna cikin akwatinsu. Muka hau sikelin da ake auna manyan motoci, ma'aikacin ya miƙo 'yar takarda ta taga. Kilo 5,790. A jikin ƙofar direba kuwa akwai ɗan farantin ƙarfe da aka manna tun ranar da aka ƙera motar, an rubuta iyakar nauyin da ya halatta ta kai, da ita da duk abin da ke cikinta: 5,500. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya juyo ya ce, "To, wa za mu bari a gida?" Tagwaye suka nuna juna a lokaci guda.

Mu tara ne, ni da shi da yara bakwai. Babbar shekararta 16, autan bai cika uku ba. Motar tsohuwar bas ce ta ɗaukar ma'aikata, da kujeru 22 muka same ta. Wata takwas ya yi yana aikinta duk ƙarshen mako, shi da ɗanmu mai shekara 14. Shi ba kafinta ba, shi ba makanike ba, malamin lissafi ne, kuma wannan ne ya sa har gobe ban daina tsokanarsa da takardar sikelin nan ba.

Duk watannin nan santimita muke ƙirgawa. Cikin bas ɗin tsawonsa mita 5.4 ne, faɗinsa 1.9, wato kowa murabba'in mita ɗaya da 'yar ɗoriya. A can baya ya kafa gadaje masu hawa uku dama da hagu, yara shida ke nan. Mu biyu da auta a kan kujeru muke kwana, ana shimfiɗa katako a tsakaninsu a ɗora katifa. Kujerun nan ma sai da muka kai ruwa rana a kansu. Shi so yake ya cire su duka, yara su riƙa zama a kan gadaje ana tafiya. Na ce ba da ni ba, sai kowa yana da kujerarsa da bel ɗinsa. Da gardama ta yi tsawo na ce ya ɗauko alkalami ya lissafa mini abin da ke samun yaron da ba a ɗaure ba idan mota ta yi karo tana gudun kilomita 50 kacal. Ya lissafa: daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma. Bai sake tayar da maganar ba.

Abin da babu wanda ya ƙirga shi ne kilo. Falle ɗaya na katakon filawud mai kaurin milimita 18 yana kai kilo 30, shi kuma ya yi amfani da 13, don yana son komai ya yi ƙwari. Kwana biyun da suka rage a ɓare-ɓare suka ƙare. Ƙofofin kabad suka fita, na maye gurbinsu da raga da yadi. Jarkoki huɗu na ƙarin ruwa suka sauka, kilo 100 ke nan cif, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Rabin littattafan yara, tukunyar gas ta biyu, kujerun zama a waje. Sai babbar tukunyata ta ƙarfe, wadda ita kaɗai ke dafa abin da zai ishi mutum tara a girki ɗaya. Kilo bakwai ce. Na roƙa, na yi fushi, ta sauka. Da muka koma sikeli aka ce 5,480. Ma'aikacin nan, Allah ya saka masa, ya sa muka auna ƙafafun gaba daban, na baya daban, ya ce duk abu mai nauyi a sa shi ƙasa-ƙasa a tsakanin tayoyin gaba da na baya, don in ya taru a sama ko a can ƙuryar baya mota kan yi rangaji a kwana.

Taswirar da muka zana a gida ta ce kilomita 350 a rana. Ba mu taɓa yi ba ko sau ɗaya. Mai yara bakwai ba ya wuce awa biyu bai tsaya ba, kuma kowace tsayuwa sai ta ci rabin awa kafin a gano takalmin wani. Muka dawo 200, wata rana ma ƙasa da haka.

Amma wanda ya mulke mu da gaske shi ne tankin ruwa. Lita 200 yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin ɗan abin da mutum ɗaya ke buƙata don sha da girki da 'yar tsafta. Mu tara, 180 ke nan, wato tankin namu na yini ɗaya ne. Mu kuwa sai da muka koyi jan sa kwana biyu da rabi, kusan lita tara kowane mutum. Ga yadda aka yi. Kwanuka a fara goge su, sannan a fesa musu ruwan sabulu da kwalbar feshi, a ɗauraye a roba ɗaya. Ruwan ɗaurayar ba ya zubewa, da shi ake goge ƙasa. Wanka kwano uku ne da tsumma, sai ranar da muka sauka inda akwai famfo a yi na gaske, a yi wanki, igiyar shanya ta kewaye motar kamar ana bikin tutoci. Banɗaki ma ba ya shan ruwa ko ɗigo: bokiti ne mai murfi da dusar katako, kuma in dai an raba fitsari daban, warin bai kai yadda kuke zato ba. Ni ma da farko ban yarda ba.

Babbar 'yarmu ce ta zama sarauniyar tanki, babu wanda ya naɗa ta. Babanta ya sa wani siririn tiyo mai haske a gefen tankin da ke nuna inda ruwa ya tsaya, ita kuma ta bi shi da alamomi. Da safe kafin kowa ya buɗe baki za ta ce, "Saura 70." Daga wannan lambar ake sanin inda za a kwana. Akwai wani tafki da na ci burin mu yi kwana uku a bakinsa, muka yi ɗaya muka tashi saboda lambarta. Akwai kuma wani filin da babu abin kallo sai ciyawa da iska, muka yi kwana huɗu don kawai akwai famfo mai kyau a kusa, kuma da za ku tambayi yaran, nan ne suka fi so a duk tafiyar. Wani abu kuma da bai faɗo mana a rai ba: idan tanki ya kai rabi, ruwan kan yi tambal-tambal, kana taka birki ka ji kamar an tunkuɗo ka daga baya. Tankunan da aka yi don mota suna da shinge a ciki saboda haka. Namu babu.

Wuta ba ta ba mu wahala sosai ba. Farantan sola biyu a rufi, kowanne wat 200, da batir mai nauyin kusan kilo 60 wanda rabin abin da ya tara kawai ake iya ja, don irinsa in ana ƙarar da shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Ya riƙe firij da fitilu da fanka. Rigimar ɗaya ce, kullum da rana: ni ina neman inuwar bishiya saboda yara, shi yana neman rana saboda batir.

Dare kuwa wani karatu ne daban. Safiyar farko muka tashi gilasai suna zubar da ruwa, rufin yana ɗiga a kan mai gadon sama. Na ɗauka yoyo ne. Ashe numfashinmu ne, mu tara a cikin akwatin ƙarfe a rufe, tururin yana taɓa ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa. Kwana biyar muka ɗaga katifa muka ga ƙasanta ya fara baƙi. Ya ɗauko abin huji ya bi katakon gadajen da ramuka, muka riƙa barin fankar rufi a kunne da taga ɗaya a buɗe ko ana sanyi. A kan gas ne kawai ban yi masa gyara ba, don ya yi karatunsa tun farko. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, saboda haka ya yi wa tukunyar akwati a rufe mai rami a ƙasa da ke fita waje. Ya kuma sa na'urar da ke ƙara in kabon monoksaid ta taru, iskar nan da ba ta da wari ba ta da launi. Dokar ita ce ba a kunna murhu sai ƙofa a buɗe, kuma ba a taɓa ɗumama ɗaki da shi.

Rana ta tara muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Tayar baya ce ta ciki ta fashe. Allah ya taimake mu bas ɗin tayoyi bibbiyu gare ta a baya, ta waje ta riƙe mu har muka gangara gefe. Abin ya ɗaure mana kai, don zanen tayar ko cinyewa bai yi ba. Mai facin da ya zo ne ya goge gefenta da yatsa ya nuna mana lambobi huɗu: 1113. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mako na 11 a 2013. Ta haura shekara goma da ƙerawa, roba kuwa tana tsufa ko a ajiye take. Duka shidan muka sauya, kuma daga ranar kullum da sassafe, tayoyi na da sanyi, ɗanmu ke zagayawa da ma'aunin iska.

Awa huɗu muka yi a bakin titin nan. Da ƙananan suka fara kuka, na ba su labarin Bertha Benz, matar da a watan Agustan 1888 ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera, ba tare da saninsa ba, ta zuba 'ya'yanta maza biyu ta yi tafiyar sama da kilomita 100 a Jamus, daga Mannheim zuwa Pforzheim. Babu gidan mai a lokacin, a kantin magani ta sayi abin da za ta zuba. Bututun mai ya toshe ta buɗe shi da allurar hularta, birki ya cinye ta sa mai gyaran takalmi ya lanƙaya masa fata. Na ƙare ina jiran a yaba, sai mai shekara takwas ya ce, "Umma, ai ita yara biyu kawai ta ɗauka."

Ba zan ce muku ba a yi faɗa ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, balle a mita goma. Tagwaye sun yi gaba ta yini biyu a kan taga. Babbar ta yi kuka wani dare don ba ta da inda za ta juya ba ido a kanta. Washegari na yanke wani zanen gado na kewaye mata gadonta, aka kafa doka: in labulen nan a rufe yake, ko ni ba na ɗagawa. Kafin mako ya zagayo kowa ya nemi nasa, har babansu ya tambaya ko akwai ragowar yadi.

Yanzu bas ɗin tana tsakar gida, rabin cikinta a ɓare. Yana sauya katakon da mai milimita 9, yana neman tanki mai shinge, kuma ya ajiye ƙaramin sikeli a bakin ƙofarta, ko ƙusa sai ta hau kafin ta shiga. Na ce masa wannan karon tukunyata za ta. Ya ce in nemo kilo bakwai da za a cire, shi ke nan. Jiya da ya fita na ɗora akwatin sifanoninsa na biyu a kan sikelin, wanda bai buɗe ba ko sau ɗaya a kwana 23. Kilo tara da rabi.